Baka da Doka: Tarihin Farauta a Dajin W

Maɗekali tana cikin ƙaramar hukumar Malanbil, a ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, kusa da kogin Kwara, inda iyakokin Benin da Nijar da Nijeriya suka kusanci juna. Ƙasar Dandi ce, amma Hausa ta daɗe da zama harshen kasuwa a cikinta. Yamma da ita akwai babban dajin da Faransawa suka raɗa wa suna da harafin W, saboda lanƙwasar da kogin yake yi a can ta yi kama da wannan harafi. Tarihin wannan daji, galibinsa, tarihin gardama ne a kan tambaya guda: wa yake da izinin ɗana kibiya?

Kafin zuwan Turawa, harbi sana'a ce mai tsari a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Hausa ta bambanta maharbi da mafarauci. Maharbi yakan shiga daji shi kaɗai da baka da kwari, ya yi sanɗa, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshinsa yana sunkuye yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci dabba. Kibiyarsa ƙarama ce, ba ta da nauyin da za ta kayar da gwanki ko ɓauna, don haka ƙarfinta yana cikin dafin da ake dafawa da 'ya'yan ƙwanƙwani. Farauta kuwa gayya ce ta rani, da karnuka da kulake da kiɗa. Kowanne yana da shugaba, wato Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, mai yanke hukunci idan mutum biyu suka yi jayayya a kan wanda ya fara sa wa dabba jini. Ba a cewa wannan tsari ya kare namun daji daga ƙarewa domin tausayi. Abin da ya fi kare su shi ne ƙarancin mutane, domin ƙudan tsando da ciwon makantar bakin kogi sun hana jama'a yawaita a kwarin Mekuru da Alibori.

Turawa sun zo da wata fahimta dabam. Yarjejeniyar da manyan ƙasashen mulkin mallaka suka sa wa hannu a Landan a 1933 ta nemi a keɓe gandun daji, ta kuma sa makamai masu dafi da tarkuna da ramuka da kewaye dabba da wuta cikin hanyoyin da ya kamata a hana. Da wannan aka soke kusan duk dabarun maharbin gargajiya, aka bar bindigar Bature mai takardar izini. A 1954 Faransa ta mayar da W cikakken gandun ƙasa, wanda ya ratsa Nijar da Dahome da Haute-Volta, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 10,000, rabinsa kuwa yana ɓangaren Benin ta yau. An tashi ƙauyukan da ke ciki. Mutumin da kakansa yake da sarautar baka ya wayi gari sunansa ɓarawon nama.

Abin da ya faru da baka a Amurka a cikin wannan ƙarni ya bi hanya kishiyar wannan. Dabbar da ake magana a kanta a can, wadda Hausa ke ara mata sunan barewa, ba barewarmu ba ce: ƙahonta mai rassa ne, yana zubewa kowace shekara ya sake tsirowa, kuma babu irinta a dazukan Afirka ta Yamma. Wajen 1900 yawan harbi ya rage ta zuwa ƙasa da rabin miliyan. Aka kafa dokoki, ciki har da ta 1937 wadda ta sa haraji a kan bindigogi da harsasai ana kashe shi wajen farfaɗo da namun daji. Da yake an riga an kawar da kyarkeci daga yawancin ƙasar, barewar ta hayayyafa har ta kai kimanin miliyan 30, tana cinye ƙananan itatuwa a wuraren shaƙatawa na bayan gari, motoci suna karo da ita a kan tituna. Harsashi yana da haɗari a tsakanin gidaje, kibiya kuwa ba ta nisa, musamman idan daga kan bishiya aka harbo ta ƙasa. Shi ya sa gundumomi irin su Fairfax a jihar Bajiniya suke tantance masu baka su ba su izinin rage ta. Makamin da aka haramta a bakin Kwara saboda tsoron ƙarewar dabbobi, shi ne hukuma take gayyata a can saboda yawansu.

A Benin ma an gane daga baya cewa kora kaɗai ba ta tsare daji. A 1996 aka kafa hukumar CENAGREF domin kula da gandun namun daji, sannan aka samar da ƙungiyoyin ƙauyuka da ake kira AVIGREF. A yankunan farauta da ke kewaye da gandun, irin su Jona da ke gefen hanyar Kandi zuwa Malanbil, a da baƙi masu kuɗi sukan biya su harbi adadin da aka ƙayyade, ƙauyuka su karɓi kashi 30 cikin ɗari na kuɗin tare da naman. Gyara ne, amma bai kai ga tushen matsalar ba. Ɗan ƙasa ya samu aikin bin sawu da ɗaukar kaya, harbin kansa kuwa yana hannun baƙo. Manomin da ke kusa da Alfakwara, wanda giwaye ke shiga gonarsa su tattake masara a dare guda, shi ne ya san ma'anar yawan dabbobi ta fuskar da ba a rubutawa a takardun yawon buɗe ido, alhali a lissafin masana giwayen da zakunan nan su ne ragowar mafi girma a Afirka ta Yamma.

UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan tarihin duniya a 1996, ta faɗaɗa shi a 2017 ya haɗa da Arli da Panjari da sauran W. A 2020 gwamnatin Benin ta miƙa kula da nata ɓangaren ga ƙungiyar African Parks. Sai dai a lokacin 'yan bindiga daga Sahel sun fara samun mafaka a dajin, kuma a watan Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a hanya suka kashe mutum tara, ciki har da masu gadin daji da wani Bafaranshe mai horar da su. Tun daga nan baƙin mafarauta suka ƙaurace wa yankin, kason da ƙauyuka ke samu ya tafi tare da su, makiyaya da manoman auduga kuma suna ci gaba da matsa wa iyakar gandun daga kudu.