Ibrahim El-Salahi: Mai zanen da ya koma wa allo

Mai karatu, in ka taɓa riƙe allo a makarantar Alƙur'ani, to ka riga ka san inda zanen Ibrahim El-Salahi ya samo asali. An haife shi a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1930. Mahaifinsa malamin addini ne, don haka cikin tawada da alƙalami ya tashi.

Bayan ya yi karatun zane a Khartoum, sai ya tafi makarantar Slade da ke Landan a 1954, ya dawo a 1957 da salon Turawa a hannunsa. Ya baje kolin ayyukansa a gida, amma mutanen gari ko a jikinsu. Abin ya dame shi ƙwarai. Da ya duba abin da jama'a ke ratayawa a ɗakunansu, sai ya ga rubutun ayoyi ne da zayyana. Nan fa ya sauya hanya. Ya riƙa ɗaukar harafin Larabci yana ja, yana lanƙwasawa, har fuskar mutum ko tsuntsu ta fito daga ciki, da launukan ƙasa irin na garinsu. Shi da abokan aikinsa suka kafa salon da ake kira Makarantar Khartoum.

A Satumbar 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Numeiri ta zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulki. Ya yi wata shida a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba. An hana takarda, sai ya riƙa yage buhun siminti ƙanana-ƙanana, ya yi zane a kai, ya binne cikin yashi. Daga nan ya samo dabarar haɗa ƙananan zane su tashi babba, kamar yadda ya yi a The Inevitable mai ɓangare 9. Da aka sake shi ya koma Ƙatar da aiki, daga baya ya zauna a Oxford ta Ingila.

Ku masu son littafi da fim, ga naku: shi ya yi zanen da ke cikin fassarar Turanci ta littafin Ursu Zain na abokinsa Ɗayyib Salih, kuma ya fito a fim ɗin da Khalid Siddiq na Kuwaiti ya yi daga littafin a 1976.

Da tsufa ya zo, sai ya duƙufa kan zanen bishiyar haraz, wato gawo, wanda ke kakkaɓe ganye da damina ya yi kore da rani. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje ayyukan rayuwarsa, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a can. Abin da Turawa suka yi layi don gani kuwa, harafin nan ne da ya fara koya a allo.