Jariri a Kan Dandamali: Yadda Nakasa Ta Shiga Rikicin Zubar da Ciki a Zaɓukan Amurka

A daren 3 ga Satumba, 2008, a birnin St. Paul na jihar Minnesota, Gwamnar Alaska Sarah Palin ta hau dandamalin babban taron jam'iyyar Rifablikan a matsayin 'yar takarar mataimakiyar shugaban ƙasa. Kwana biyar ke nan da John McCain ya zaɓo ta, lokacin da galibin Amurkawa ba su ma san sunanta ba. Tana cikin jawabi, masu ɗaukar hoton talabijin suka riƙa komawa kan wani jariri da bai cika wata biyar ba, yana barci a hannun 'yan uwansa. Ɗanta ne na biyar, an haife shi da lalurar Down. Tun yana ciki likitoci suka sanar da ita, ta kuma yanke shawarar haihuwarsa. A jawabin ta yi wa iyayen yara masu buƙata ta musamman alkawarin cewa idan aka zaɓe su, za su sami aminiya kuma mai tsaya musu a Fadar White House.

Ba sai ta yi dogon bayani kan zubar da ciki ba, domin magoya bayanta sun fahimci saƙon hoton. Sai dai ba daren nan yaro mai nakasa ya fara shiga wannan rikici ba. Sama da shekara sittin ke nan ɓangarorin biyu suna kafa hujja da shi, da fari a matsayin abin tsoro, daga baya a matsayin tuta. A duka halin biyu, abin da ya fi damun 'yan siyasa shi ne watannin da yaron yake ciki. Shekarun da zai yi a duniya bayan haihuwa, da makarantarsa, da kuɗin jinyarsa, ba kasafai suke samun wuri a dandamali ba.

Zamanin tsoro

A farkon ƙarni na 20, masana da 'yan majalisa da dama a Amurka sun yi imani da cewa za a iya “gyara” al'umma ta hanyar hana masu rauni haihuwa. A 1927, a shari'ar Buck da Bell, Kotun Ƙoli ta amince wa jihar Virginia ta yi wa waɗanda ta kira masu raunin hankali tiyatar hana haihuwa ta dindindin ba da yardarsu ba, da rinjayen alƙalai 8 a kan 1. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa haka a faɗin ƙasar. Yaran da aka haifa da nakasa kuwa, shawarar da likitoci suka saba ba iyaye ita ce su kai su gidajen killacewa na gwamnati, su koma gida su ci gaba da rayuwa.

A cikin wannan yanayi ne labarin Sherri Finkbine ya ɓulla a 1962. Mai gabatar da shirin yara ce a talabijin a birnin Phoenix na jihar Arizona, uwar yara huɗu. Tana da ciki na biyar ta sha wani maganin barci da mijinta ya zo da shi daga Turai, daga baya ta gano cewa talidomaid ne, maganin da ya sa aka haifi dubban jarirai da gajerun hannaye da ƙafafu ko babu su gaba ɗaya. Asibiti ya shirya cire cikin a asirce, amma da labari ya shiga jarida sai ya janye. A ƙarshe ta tafi Suwidin a watan Agusta aka cire. Da cibiyar Gallup ta tambayi Amurkawa ra'ayinsu, kashi 52 cikin ɗari suka ce ta yi daidai.

Shekara biyu bayan haka aka yi annobar ƙyandar Jamus, wato rubella, daga 1964 zuwa 1965. An haifi jarirai kimanin 20,000 da kurumta, ko makanta, ko ciwon zuciya, ko raunin ƙwaƙwalwa. Waɗannan abubuwa biyu su suka fito da maganar zubar da ciki daga ɓoye zuwa zauren majalisa. A 1967 Colorado ta zama jihar farko da ta sassauta dokarta, kuma cikin dalilan da ta amince da su har da yiwuwar haihuwar jariri da mummunar nakasa. A wannan shekarar Gwamnan California, Ronald Reagan, ya sa hannu a kan irin wannan doka, amma sai da ya sa aka cire sashen da ya shafi nakasar jariri. A Janairun 1973 hukuncin Roe da Wade ya halasta zubar da ciki a duk ƙasar. Ya kuma zo daidai da lokacin da asibitoci suka fara yawaita gwajin zuƙo ruwan mahaifa da allura, wanda ke nuna ko jariri yana da ƙarin kuromosom na 21, abin da ke haifar da lalurar Down.

Ke nan tsoron haihuwar yaro mai nakasa na cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar halasta zubar da ciki. Wannan tarihi ne da masu fafutukar 'yancin zaɓin mace ba su cika son tunawa da shi ba.

Zamanin tuta

Al'amarin ya juya a watan Afrilun 1982 a garin Bloomington na jihar Indiana. An haifi wani jariri da lalurar Down, hanyar abincinsa ba ta haɗe da tumbinsa ba, matsalar da tiyata kan iya gyarawa. Bisa shawarar wani likita, iyayen suka ƙi yarda a yi tiyatar, kotunan jihar kuma suka goyi bayansu. Jaririn ya rasu bayan kwana shida. Ba a bayyana sunansa ba, shi ya sa tarihi ya san shi da Baby Doe.

Reagan, wanda a lokacin ya zama shugaban ƙasa da ƙuri'un Kiristoci masu ra'ayin riƙau, ya ɗauki maganar da zafi. Gwamnatinsa ta umarci asibitoci su manna sanarwa mai ɗauke da lambar wayar da za a kira idan aka ga ana hana jariri mai nakasa abinci ko magani. Babban likitan ƙasa na lokacin, C. Everett Koop, likitan tiyatar yara ne da ya sha yin irin wannan aiki, kuma fitaccen mai adawa da zubar da ciki. Kotun Ƙoli ta soke waɗancan ƙa'idoji a 1986, amma tun 1984 Majalisa ta riga ta shigar da kariyar irin waɗannan jarirai cikin dokar hana cin zarafin yara. Daga nan masu adawa da zubar da ciki suka sami hujja mai ƙarfi: idan laifi ne a bar jariri ya mutu saboda nakasarsa bayan an haife shi, me ya halasta hakan wata huɗu kafin haihuwa?

Amma akwai ɗaya ɓangaren labarin. Kafin 1975, yara masu nakasa kimanin miliyan ɗaya ba su da gurbi ko kaɗan a makarantun gwamnati. A wannan shekarar Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta ba su ilimi kyauta, wadda a yau ake kira IDEA, gwamnatin tarayya kuma ta ɗauki alkawarin tallafa wa jihohi da abin da ya kai kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin da ake kashewa kan ɗalibi. A 1982, shekarar Baby Doe, gwamnatin Reagan ta yi yunƙurin sassauta ƙa'idojin wannan doka domin rage wa jihohi nauyi. Sai da iyaye suka yi ca a kanta sannan ta janye. Gwamnatin da ta tashi tsaye domin jariri mai kwana shida, ita ce ta so rage haƙƙin yaro mai shekara shida.

Daga Palin zuwa Santorum

Da wannan gado Palin ta hau dandamali. A ƙarshen Oktoban 2008, a birnin Pittsburgh, ta yi alkawarin cika wancan kashi 40 da aka daɗe ana bin bashinsa. Matsalar ita ce McCain yana yaƙin neman zaɓe ne da alkawarin daskarar da mafi yawan kashe kuɗin gwamnati. A muhawararsu ta ƙarshe, da McCain ya yabi fahimtar Palin game da yara masu buƙata ta musamman, Barack Obama ya amsa da cewa taimaka musu na buƙatar ƙarin kuɗi, abin da ba zai yiwu ba idan aka daskarar da kasafi. Joe Biden ma ya yi nasa shaguɓen, yana tambayar me ya sa masu nuna tausayin irin waɗannan iyaye suke adawa da binciken ƙwayoyin halitta na tayi. Kowa ya ɗauki yaron ya jefi abokin hamayyarsa da shi.

Su ma 'yan Dimokurat ba su fita fes ba. A Maris 2009 Obama ya yi barkwanci a talabijin yana kwatanta rashin iya wasansa da gasar wasannin masu raunin ƙwaƙwalwa, sai da ya ba da haƙuri. Kuma shugabanni na jam'iyyun biyu sun zo sun wuce ba tare da an cika alkawarin 1975 ba. A shekarun baya-bayan nan abin da tarayya ke bayarwa bai kai kashi 15 ba.

A 2012 tsohon sanata Rick Santorum ya nemi takarar Rifablikan, yana yawan ambaton 'yarsa da aka haifa da ƙarin kuromosom na 18, lalurar da mafi yawan jariran da ke da ita ba sa kaiwa shekara guda. Ya soki tanadin yin gwajin ciki kyauta, yana cewa gwajin na kai wa ga zubar da jarirai masu nakasa. A Disambar wannan shekarar aka kawo yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa gaban Majalisar Dattawa. Bob Dole, ɗan takarar Rifablikan na 1996 wanda ya nakasa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya shigo zauren a keken guragu domin roƙon 'yan jam'iyyarsa. Santorum na cikin waɗanda suka jagoranci adawa, yana cewa yarjejeniyar za ta tauye ikon iyaye da 'yancin ƙasa. An sami ƙuri'u 61 a kan 38, ba su kai kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba, yarjejeniyar ta faɗi.

Daga nan jihohi suka shiga kafa dokokin hana zubar da ciki saboda nakasar jariri: North Dakota a 2013, Indiana a 2016 da sa hannun Gwamna Mike Pence watanni kaɗan kafin Donald Trump ya ɗauke shi mataimaki, sai Ohio a 2017. A Yunin 2017 kuma 'yan sanda suka riƙa ɗauke masu zanga-zanga daga kekunansu a ƙofar ofishin Sanata Mitch McConnell, inda suka je nuna adawa da shirin rage kuɗin Medicaid, inshorar da ke biyan masu kula da su a gida.

Abin da masu ɗakin suka ce

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu nakasa sun daɗe suna cewa ba su ga kansu sosai a kowane ɓangare ba. Marigayiya Adrienne Asch, makauniya kuma masaniyar ɗa'ar aikin likita, tana goyon bayan 'yancin mace na zubar da ciki, amma ta yi shekaru tana sukar zubar da cikin da ake so tun farko don kawai gwaji ya nuna nakasa. A ganinta, hakan na nufin an bar siffa ɗaya ta rufe dukkan abin da yaron zai iya zama. Ta fi ɗora laifi a kan likitocin da ke ba iyaye labarin wahala kaɗai, da al'ummar da ba ta tanadi komai ba ga yaron idan ya zo.

Sau ɗaya ɓangarorin biyu suka haɗu a kan wannan. A Oktoban 2008, ana tsakiyar hayaniyar zaɓe, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan wata doka da Sanata Edward Kennedy mai goyon bayan 'yancin zubar da ciki da Sanata Sam Brownback mai adawa da shi suka kawo tare. Manufarta ita ce iyayen da gwaji ya nuna musu lalurar Down ko makamanciyarta su sami sahihin bayani da hanyar saduwa da iyalan da ke renon irin waɗannan yara. Ba ta yi tashe a kafafen labarai ba, domin ba ta ba kowa makamin jifa ba.

A ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe, ta mayar wa jihohi iko. A Disambar 2023 wata uwa a Texas, Kate Cox, ta nemi kotu ta ba ta izinin cire cikin da gwaji ya nuna yana da ƙarin kuromosom na 18, lalura ɗaya da ta 'yar Santorum. Kotun ƙolin jihar ta ƙi, ita kuma ta fita jihar domin a yi mata, kamar yadda Finkbine ta yi shekara 61 kafin nan. A Maris 2024 ta zauna cikin baƙin uwargidan Shugaba Biden a zauren Majalisa, a Agusta kuma ta bayyana a babban taron Dimokurat a Chicago. Lalura guda ta zama hujjar ɗan Rifablikan a 2012, ta zama hujjar 'yan Dimokurat a 2024.

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Miyar ɗan siyasa ita ce ranar zaɓe, kuma abin da ya rage bayanta ana ganinsa a kasafin kuɗi. A ƙididdigar cibiyar binciken lafiya ta KFF, kimanin mutum 700,000 ne ke jiran layin samun kulawar Medicaid a gida a 'yan shekarun nan, mafi yawansu masu raunin ƙwaƙwalwa ko na girma, kuma da yawa sukan yi shekaru suna jira. Jariran da aka haifa da lalurar Down a shekarar da Palin ta yi wancan jawabi yanzu suna bakin kammala makaranta, inda kariyar dokar 1975 ke ƙarewa, wannan layi kuma yake farawa.