Ƙarin huhu da ake haihuwar jariri da shi

Akan haifi wasu jarirai da wani sashe na huhu da bai ginu daidai ba, ya zama ƙullutu ko jakunkunan iska. Likitoci na kiran nau'in da aka fi gani CPAM. Yawancinsa ba sankara ba ne, kuma hoton ciki na wajen mako 20 kan nuna shi tun yaro na mahaifa.

Idan ba a yi hoton ba, lamarin kan ɓuya. Wani jaririn yakan fara haki tun kafin suna. Wani kuwa sai nimoniya ta riƙa dawo masa a gefe guda, ana ta ba shi magani, har a zargi tarin fuka. Akwai kuma sankarar huhu mai wuyar samu, PPB, wadda ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 6, takan yi kama da shi a hoto.

A cikin birnin Kano, iyaye kan nufi Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko na Murtala. Sai dai tantancewa na buƙatar hoton CT, cire sashen kuma aikin likitocin tiyata ne irin na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Akasarin iyalai daga aljihunsu suke biya.