Inuwar Giginya: Jami'ar Cornell a Tarihin Gundumar Tompkins ta Ƙasar Amurka

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce inuwar giginya na nesa ka sha. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu ɗora wannan karin magana a kan dangantakar jami'a da karkarar da aka gina ta a ciki. Domin yin haka mun zaɓi Gundumar Tompkins ta Jihar Niyok, wadda babban garinta, watau Itaka, shi ne mazaunin Jami'ar Cornell. Abin da za mu bi diddiginsa shi ne, cikin mutanen da ke gindin wannan jami'a, wa ya sha inuwa, wa kuma ya sha rana.

2.0 Ƙasar Kafin Jami'a

Gundumar tana cikin yankin wasu tafkuna 11, sirara dogaye, waɗanda ake kamanta su da yatsun hannu. Itaka yana bakin kudu na Tafkin Kayuga, mai tsawon mil 38, tsaunuka kuwa sun yi masa ƙawanya ta gabas da kudu da yamma. Asalin masu ƙasar su ne Kayugawa, ɗaya daga cikin ƙabilu shida na tarayyar Irokwa. A shekarar 1779, ana cikin yaƙin neman 'yancin Amurka, rundunar Janar John Sullivan ta ƙone garuruwansu da gonakinsu. Bayan yaƙi aka yanka ƙasar eka 600-600 domin sallamar tsofaffin sojoji. A 1817 aka kafa gundumar, aka raɗa mata sunan Daniel Tompkins, wanda ya bar gwamnan jihar ya zama mataimakin shugaban ƙasa a wannan shekara.

Da farko fatauci mutanen Itaka suka sa wa rai. An buɗe babbar hanyar ruwa ta Erie a 1825, aka kuma sada Tafkin Kayuga da ita a 1828. A 1834 suka shimfiɗa hanyar dogo zuwa garin Owego, dawakai ne ma ke jan taragun. Amma karayar tattalin arziki ta 1837 ta katse musu hanzari, manyan hanyoyin dogo kuma suka kauce wa tsaunukan suka bi inda ƙasa ta fi shimfiɗuwa. Ta haka garin ya zama na gefen hanya.

3.0 Kafuwar Jami'a

Ezra Cornell ya zo Itaka a 1828 yana saurayi mai sana'ar hannu, ya yi aiki a wata masana'antar niƙa. Arzikinsa kuwa ba a nan ya same shi ba. A harkar wayar tangarahu ya yi shi, har ya zama babban mai hannun jari a kamfanin Western Union. A 1862 gwamnatin tarayya ta yi dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha filaye ta sayar ta kafa kwalejin aikin gona da sana'o'i. Rabon Niyok ya kama eka kusan 990,000. Cornell da Andrew Dickson White, waɗanda suka haɗu a majalisar dattawan jihar, suka tsaya kai da fata a zuba wannan rabo a makaranta guda. Cornell ya ƙara da dala 500,000 da kuma gonarsa ta kan tsaunin gabas. An ba jami'ar izini a 1865, ta buɗe a watan Oktoba na 1868 da ɗalibai 412, White ne shugabanta na farko.

Akwai abin lura a nan. Cornell ya sayi yawancin takardun filayen da kansa, ya kama dazuzzukan katako kimanin eka 500,000 a Jihar Wisconsin, aka riƙe su har suka yi daraja, jami'a ta sami wajen dala miliyan 5. Waɗannan dazuzzuka daga hannun ƙabilar Ojibwe gwamnati ta karɓe su. Ke nan jami'ar ba daga gumin manoman gundumar ta tsiro ba, da dukiyar nesa aka dasa ta.

4.0 Jami'a da Manomi

Ba za mu ce jami'ar ta juya wa manomi baya ba. Jiha ta kafa kwalejin likitancin dabbobi a cikinta a 1894, da ta aikin gona a 1904 a ƙarƙashin Liberty Hyde Bailey. Tun daga 1901 Martha Van Rensselaer ta fara aika wa matan manoma darussa a rubuce, a 1908 kuma aka soma taron makon manoma. Har wa yau, ƙungiyar gama-kai ta manoma mai suna GLF, wadda aka kafa a 1920, a Itaka ta yi hedkwata.

Duk da haka, ilmin ya fi amfanar mai gonar kwari, mai ƙasa mai kyau da jarin sayen taki da injuna. Mai gonar kan tsauni, wadda ƙasarta ba ta da kauri, bai iya gasa ba, sai ya bar ta. A shekarun 1930 gwamnati ta saye irin waɗannan gonaki masu yawa, ciki har da na tsaunin Connecticut Hill, wanda ya koma gandun namun daji. A 1900 daji bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar gundumar ba, amma zuwa 1980 ya cinye rabinta. Wannan manomi shi ne na gindin giginya.

5.0 Jami'a da Gari

Garin kuwa ya sha inuwa. A 1892 aka kafa makarantar koyon kiɗa wadda ta zama Kwalejin Itaka, ta koma kan tsaunin kudu a shekarun 1960. Sa'ad da masana'antu suka fara durƙushewa a shekarun 1980, kamfanin bindigogi na Itaka ya bar garin, masana'antar tafireta ta Smith Corona da ke Groton ta rufe, albashin makarantun nan ne ya tallabi gundumar. Cornell ta fi kowa ɗaukar ma'aikata a cikinta. Ƙidayar 2020 ta nuna gundumar na da mutum 105,740, garin na da 32,108, alhali ɗaliban Cornell kaɗai sun haura 25,000.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Yawan ɗalibai ya tsauwala kuɗin haya, har dubban ma'aikata suna kwana a gundumomin maƙwabta suna sammako zuwa aiki. Daɗin daɗawa, doka ta ɗauke wa makarantu harajin gine-gine, fiye da rabin darajar kadarorin garin ba a biya musu haraji, alhali gari ne ke gyaran tituna da kashe gobara. Bayan doguwar ja-in-ja, a 2023 jami'ar ta yarda ta ɗaga gudummawarta ga garin daga kimanin dala miliyan 1.6 zuwa miliyan 4 a shekara. Kafin wannan, a watan Maris na 2020, annobar korona ta sa an sallami ɗalibai, kasuwa ta mutu, mutanen gari suka ga haɗarin dogaro da ƙofa guda.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa karin maganar ta yi gaskiya ta wani ɓangare, ta kuskure ta wani. Jami'ar ta tsare gundumar daga lalacewa, amma ta hanyar maye gurbin tattalin arzikin karkara, ba ta hanyar ɗaga shi ba. Wannan batu ya shafe mu, domin a shekarun 1960 Jami'ar Jihar Kansas, wadda ita ma dokar Morrill ce ta haife ta, ta taimaka wajen gina tsangayoyin aikin gona da likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Saboda haka muna ba da shawara ga masu nazarin tarihin makarantunmu, idan sun ƙirga ɗalibai da gine-gine, su kuma bincika abin da ya sami masu gonakin da aka gina makarantar a kai, da wanda ke ɗauke da nauyin garin da ya taso a ƙofarta.