Mariƙin da Labari Ya Tsallake: 'Yan Daudu da Iyali a Adabin Hausa

Ran Lahadi kasuwar Illela ba masaka tsinke. Tun da sassafe mutanen Garu da na ƙauyukan kewaye suke hallara, na Ƙwanni su tsallako iyaka, ana cinikin shanu da raƙuma da albasa, ana canjin naira da sefa, manyan motoci kuma suna lodi za su yi kudu. Duk inda aka yi taro irin wannan, dole a ci abinci. A tashoshin mota da kasuwannin ƙasar Hausa, daga Sakkwato zuwa Kano, daga Katsina zuwa Maraɗi, an daɗe da sanin cewa wani kaso na wannan sana'a yana hannun 'yan daudu: maza masu ɗaura zane, masu tuƙa tuwo da soya kaji, waɗanda direba zai riƙa yi wa ba'a alhali hannunsa na cikin kwanonsu.

Matafiyi rumfa kawai yake gani, bai san gidan da ke bayanta ba. Wani masanin harshe ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya yi zama da 'yan daudun Kano tun farkon shekarun 1990, ya kuma fitar da littafi a kansu a 2009 mai suna Allah Made Us. Abin da ya tarar shi ne, babban ɗan daudu yakan zama "uwa" ga matashin da ya baro gidansu: ya ba shi wurin kwana, ya koya masa girki da ciniki, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Da yawansu kuma magidanta ne, da mata da 'ya'yan cikinsu, da kuɗin tuwon nan ake cefane. Wasu sun yi zaman neman kuɗi a Jidda, sun sauke farali, sun dawo ana ce musu Alhaji. Ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, ba kuma kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba, amma bakin jama'a kuɗin goro ya yi musu.

A wurin Bahaushe ba baƙon abu ba ne a ce wanda bai haifi yaro ba shi ya raine shi. Alkunya kan sa a miƙa ɗan fari ga kaka ko gwaggo, matar da ba ta samu haihuwa ba kuma 'yan uwa su ba ta riƙo. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta raini 'ya'yan da aka ba ta, ba wanda ya ce ita ba uwa ba ce.

Rubutaccen ƙagaggen labari ma da wannan ya fara. Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umar maraya ne. Makau, mijin uwarsa, shi ya fara zame masa uba. Bayan an sace shi kuma, wani Balarabe mai fatauci, Abdulkarim, ya ɗauke shi ɗa, ya kai shi ƙasarsu, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uba biyu ke nan, ba wanda ya haife shi a cikinsu, kuma littafin ya girmama su duka. Shekara hamsin da wani abu bayan haka, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. A ciki, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe gidan. Mai karatu ya ji zafin Rabi, ya ga cewa kwanon tuwo na iya riƙe iyali da mutunci.

To, ɗan daudun da ke sana'a iri ɗaya da Rabi, yake ciyar da yara kamar yadda take yi, da wuya a same shi a matsayin uba ko mariƙi a littafin Hausa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Risala, sun haramta luwaɗi, sun kuma tsananta hukuncinsa, malamai sun daɗe suna tsawatarwa kan namiji ya yi kama da mace. Marubucin da ke son littafinsa ya shiga ɗakunan matan aure ya san iyakarsa. Da Alkhamees Bature Makwarari ya taɓo maɗigo tsakanin 'yan mata a littafinsa Matsayin Lover a ƙarshen shekarun 1990, an yi ta ce-ce-ku-ce. Inda duk batun ya bayyana a irin waɗannan littattafai, galibi gargaɗi ne: mai yi ta tuba ko ta wulaƙanta. Ba a cika tsayawa a tambayi wa take ciyarwa ba, wa kuma zai yi kuka idan an kore ta.

Fim ya ba ɗan daudu wuri, amma wurin ban dariya. Marigayi Rabilu Musa ya yi Ibro Ɗan Daudu a farkon shekarun 2000, da karairaya da tafa hannu da habaici, jama'a suka yi ta ƙyaƙyata dariya a gidajen kallo. A daidai wannan lokaci kuwa rayuwar ainihin 'yan daudu tana ƙuntata. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, Sakkwato da Kano da wasu jihohi suka biyo baya a 2000. Aka rufe gidajen mata masu zaman kansu, inda 'yan daudu da dama ke samun abin yi, wasu suka yi ƙaura zuwa Abuja, wasu suka tsallaka Nijar. A 2007 an kama maza 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata. A shekarar ce kuma hukumar A Daidaita Sahu, ƙarƙashin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a Kano. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. Idan aka kori magidanci daga rumfarsa, akwai mata da yara da tukunyarsu ta mutu a ranar, kuma su ba laifin da aka tuhume su da shi. Labarinsu ne ya fi cancantar alƙalami, shi ne kuma aka fi tsallakewa.

'Yan Nijeriya masu rubutu da Turanci su ne suka leƙa cikin gidan. A 2005 Jude Dibia ya fitar da Walking with Shadows, labarin Adrian, ma'aikaci a Legas mai mata da 'ya, wanda wani abokin aiki ya tona masa asiri. Littafin ya bi matarsa Ada da 'yan uwansa, kowa da irin raɗaɗin da ya ji. A 2015 Chinelo Okparanta ta rubuta Under the Udala Trees: Ijeoma, yarinya 'yar Ibo, ta shaƙu da Amina, Bahaushiya marainiya, a lokacin yaƙin basasa. Uwar Ijeoma ta zaunar da ita da Littafi Mai Tsarki tana neman raba ta da wannan hali, cikin tsoro da kuma ƙauna, daga baya Ijeoma ta yi aure ta haifi 'ya, ta kuma bar gidan mijin da 'yarta. Ƙarfin littafin yana cikin uwayen nan biyu, don ba wadda aka mayar dodo a cikinsu. A shekarar kuma Elnathan John ya fitar da Born on a Tuesday, wanda mafi yawansa a Sakkwato yake gudana. Ɗantala almajiri ya samu uba a wurin Shaikh Jamal, ya kuma ga abin da ke tsakanin wasu samari biyu da suke zaune tare a masallaci, abin ya dame shi, ya rasa wanda zai faɗa wa.

 

Yanzu yawancin sababbin labaran Hausa a waya ake karanta su, ta WhatsApp da Wattpad, inda hannun masu tacewa bai cika kai wa ba. Ta fuskar fim kuwa ƙofar ƙara rufewa ta yi: a 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana finafinan da ke nuna daudanci da daba. Ko ɗan wurin ban dariyar da aka ba ɗan daudu a zamanin Ibro an karɓe, tun kafin a kai ga nuna shi yana biyan kuɗin makarantar ɗansa.