Tsohon Katako a Sabon Gini: Darasi Daga Tarihin Ingila

Gabatarwa

Kuskuren da yakan auka wa masu nazarin tsofaffin gine-gine shi ne ɗaukar shekarun katakon da ke jikin gini a matsayin shekarun ginin kansa. Alhali kuwa sau da yawa katako yakan girmi ginin, domin ya riga ya yi aiki a wani wuri kafin a kawo shi inda aka tarar da shi. Wannan maƙala za ta duba misalai uku daga Ingila, inda takardu suka adana labarin irin wannan katako, sannan ta nuna abin da suke koya wa mai nazarin ginin soro.

Misalai Uku

Na farko shi ne gidan wasan kwaikwayo na Globe. A shekarar 1576 James Burbage ya gina gidan wasa mai suna The Theatre a unguwar Shoreditch ta Landan, a kan filin da ya karɓa haya daga Giles Allen. Da wa'adin haya ya ƙare a 1597, sai mai fili ya ƙi sabuntawa. A watan Disamba na 1598 'ya'yan Burbage, tare da wani kafinta mai suna Peter Street, suka kwance ginin, aka ƙetare kogin Thames da katakon, aka tayar da Globe da shi a 1599. Ƙarar da Allen ya kai kotu ita ce ta bar mana wannan labari a rubuce. Wato ginin da aka nuna wasannin Shakespeare a cikinsa, har gobara ta cinye shi a 1613, katakonsa ya girme shi da fiye da shekara 20.

Na biyu shi ne gidan niƙa na Chesapeake a garin Wickham. Chesapeake sunan wani jirgin ruwan yaƙi ne na Amurka da aka sa a ruwa a 1799, wanda jirgin Ingila mai suna Shannon ya kama a kusa da Boston ranar 1 ga Yuni, 1813. A 1819 aka sayar da shi aka farfasa, a 1820 kuma John Prior ya gina gidan niƙansa da katakon. A nan katako ne ya yi wa magini doka, domin tsawon gumagumai na benen jirgin shi ya ƙayyade faɗin ginin. Har yanzu ana ganin alamun kafintocin jirgin a jikinsu.

Na uku shi ne kantin Liberty da ke titin Great Marlborough a Landan, wanda aka kammala a 1924 da katakon jiragen yaƙi biyu, Impregnable da Hindustan. Masu zanen ginin, Edwin T. Hall da ɗansa Edwin S. Hall, sun kwaikwayi salon zamanin sarakunan Tudor, wanda ya ƙare tun 1603. A misalai biyu na farko larura da neman sauƙi ne suka sa aka koma ga tsohon katako. A na uku kuwa tsufan ne kansa ake so, don mai wucewa ya zaci ginin ya daɗe. Wannan sha'awa ba ta gushe ba, domin a Ingila da Amurka akan sayi katakon tsofaffin rumbunan gona a gina gareji sabo fil mai kama da ginin ƙauye na da.

Abin Lura

Masana suna da hanyar ƙidaya shekarun itace ta zobban da ke cikin gungumensa, waɗanda ke ƙaruwa ɗaya kowace shekara. A. E. Douglass ne ya kafa wannan ilimi, har ya gano shekarun kufan mutanen Pueblo a Amurka a 1929. Sai dai abin da zobba ke faɗa shi ne lokacin da aka sare itace. Lokacin da aka yi gini kuwa sai an nemi wata shaida, kamar ramin gaɓa da ba kome a cikinsa, ko hudar ƙusa a inda ba a bukatarta, ko takarda.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, saboda haka idan soro ya rushe magina sukan tsince ta su rufa wani ɗakin da ita. Daɗin daɗawa, giginya ba ta yin zobban shekara, balle a ƙidaya.

Kammalawa

Ke nan tsufan azara ba hujja ba ce ta tsufan soro. Wajibi ne manazarci ya tambayi magina da dattawan gida daga wane kango aka ɗebo ta, ya rubuta amsar tun masu sani suna raye. In ba a yi haka ba, za a wayi gari ana ba gini shekarun da ba nasa ba.