La Rabida: Gidan Ibadar da Mutanen Falos Suka Riƙe

A kudu maso yammacin Sifaniya, inda kogin Tinto da na Odiyel suke haɗuwa kafin su faɗa teku, akwai wani tudu da gidan ibadar La Rabida yake kai. Masana tarihi na ganin tun zamanin Andalus akwai ribaɗi a wurin, irin sansanin da Musulmi ke zama don ibada da gadin gaɓa. Bayan mulki ya koma hannun Kiristoci, masu zuhudu na ɗariƙar Faransis suka zauna a nan, kuma a 1412 Fafaroma Benedik na 13 ya ba su izinin kafa jama'arsu.

Sunan gidan ya fita duniya ne ta dalilin Kiristofa Kolumbus. A 1485 ya iso da ɗansa Diyego, fada Antoniyo da Marchena da fada Huwan Feres suka karɓe shi, suka yi masa hanya zuwa fadar sarauniya Isabela. Ranar 3 ga Agusta 1492 jiragensa uku suka tashi daga Falos, garin da ke kusa.

Daga baya gidan ya sha wuya. Girgizar ƙasar Lisbon ta 1755 ta fasa shi, a 1835 gwamnati ta kori masu zuhudun, har aka yi shirin rushe shi. Sai a 1856 aka ayyana shi kayan tarihi na ƙasa, aka gyara shi don bikin tunawa da tafiyar Kolumbus a 1892, 'yan ɗariƙar suka dawo a 1920.

Baƙi na zuwa don Kolumbus, amma mutanen Falos Maryam mahaifiyar Yesu suke zuwa gani. Akwai ƙaramin mutum-mutuminta na farin dutse da suke kira Uwar Al'ajibai, wanda almararsu ta ce masunta suka tsamo shi a cikin raga. Kowace Agusta sukan ɗauke shi zuwa cocin San Horhe a cikin gari, a ƙarshen wata kuma su rako shi gida cikin kiɗa da dawakai, iyalai su kafa rumfuna a ƙarƙashin itatuwa ana ci ana sha. A ganina wannan rakiyar ce ta hana gidan zama gidan kallo kawai. Fafaroma Jon Fol na 2 ya ɗora wa mutum-mutumin kambi a nan ranar 14 ga Yuni 1993.